Yaren da Dada Ta Farka da Shi

Cholire, ranar Lahadi

Goggo Nafisatu,

Ina gaishe ki da ladabi. Ina fata kina lafiya, ke da kakata Dada Ache, da fatan gwiwarta ta bar ta ta huta. Ni lafiyata ƙalau, sai dai rana ta mai da ni baƙa wuluk.

Na san in na kira ki a waya za ki yi ta cewa "me kika ce?" har mu gaji, tunda kunnen nan naki ya ƙi. Shi ya sa na bi umarninki, ga takarda ga biro, ta hannun direban motar Garwa.

Kin ce har yau ba ki gane irin aikin da gidan rediyo ya ba mu ba, a ce mutum ya bar gida don ya je ya saurari kasuwa. To, haka ne fa. Ni da abokiyar aikina Viviane muna bin garuruwan arewa da rikoda, muna ɗaukar abin da kunne ya saba da shi har ya daina ji: daka, guduma a maƙera, kiran salla, gangar coci, cinikin mata.

Jiya na tsaya wurin wata mai daddawa. Ta yi mini Fillanci, ta juya ta yi wa maƙwabciyarta Duranci, yaren mutanen yankin nan, wani ma'aikaci ya wuce ta gaishe shi da Faransanci. Sai akuyarta ta sa baki a faifai, ta daka mata tsawa da Hausa tsantsa. Na ce, "Inna, me ya sa akuya ce kaɗai ta sami Hausa?" Ta ce, "A hannun Bahaushe na saye ta, 'yata. Ba ta jin wani yare." Viviane ta yi dariya har ta ɓata mana ɗaukar.

Akwai kuma wani tsoho maƙeri da na sa wa abin sauraro a kunne don ya ji muryarsa. Ya saurara da kyau, sannan ya ce mutumin nan yana da gaskiya a duk abin da ya faɗa, amma surutunsa ya yi yawa.

Ƙaramar rikodar da na bar miki tana kan kwabet. Jan maɓallin kawai za ki danna. In Dada ta fara labaranta na Garwar da, ki ɗaukar mini. Daga nan garin Gidar za mu nufa, ki aiko amsa can.

'Yarki,
Asta


Pumpumre, Garwa

Asta 'yata,

Takardarki ta iso, na ji daɗin mai akuya. Ni lafiya lau nake. Ki zauna kafin ki karanta sauran, amma kada hankalinki ya tashi.

Ranar Alhamis Dada ta faɗi tana alwala. Ni da Marthe maƙwabciyarmu muka kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinta na dama. Alhamdulillahi an sallame mu, tana zama da kanta, hannun ma ya fara motsi.

Bakin ne abin damuwa. Da ta farfaɗo ta yi magana, abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Fillanci ba. Na ɗauka kunnena ne, na kira Marthe. Ta kasa kunne, ita da ke jin yare huɗu, ta ce ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba, ga shi harshen ya yi nauyi. In na yi wa Dada Hausa sai ta dube ni kamar mai kallon ruwan sama. Masu zuwa dubiya sun fara cewa iskoki ne, na rage buɗe musu ƙofa.

Likita ya ce akan yi haka, ciwon yakan share yarukan da mutum ya koya da girma ya bar masa na ƙuruciya. Asta, na haura sittin, ban san uwata tana da wani yare ba. Abin da na sani kawai, kakanki ya auro ta daga arewa lokacin da yake fataucin busasshen kifi. In muka tambaye ta garinsu sai ta ce, "Ni 'yar Garwa ce, ku ba ni wuri."

Akwai maganar da take maimaitawa duk sanda na kawo mata kunu. Sai ta ture kofin, ta faɗe ta, ta sake faɗa, har hawaye ya zo mata. Wani lokaci kuma ta juya wajen taga ta yi kamar mai kiran wani. Tsorona ko wasiyya take bari, mu kuma muna tsaye kamar gumaka.

Na danna jan maɓallin naki. Ga katin rikodar na naɗe a cikin takardar nan. Kada ki bar aikinki ki taho, zuwanki ba zai ƙara mana kunne ba. Ke ce mai yawo cikin yaruka. Ki nemo mini wanda zai gaya mini abin da uwata take so.

Goggonki,
Nafisatu


Kaele

Goggo,

Barka da jinya, Allah ya ba Dada lafiya, ke kuma ya ba ki lada. Da na karanta takardarki a Gidar na kira Marthe, ta tabbatar mini Dada tana samun sauƙi, sannan hankalina ya kwanta. Na saurari katin a mota. Muryar Dada ce, amma kamar wata ce ta aro ta.

Tun daga ranar duk inda muka sauka, kafin in ɗauki muryar mutum sai na ce ya fara jin ta kakata. A Gidar sun ce ba nasu ba ne. A kasuwar Marwa na fara da wani mai dankali, Sylvain, ɗan ƙabilun da ke zaune a kan duwatsu. Ya ji, ya girgiza kai, ya ce ba yaren duwatsu ba ne. Amma sai ya bar wa wani kayansa ya ce, "Tsohuwa ba za ta yi magana a banza ba. Ku biyo ni."

Goggo, da kin ga jerin gwanon. Ya kai mu wurin Babarbare mai huluna, shi ya tura mu wurin Shuwa mai nono, ita ta kai mu wurin wasu Mandara masu gyaran babur. Kowa ya ji sai ya ce ba nasu ba ne, amma ya san wanda zai sani, kuma ya biyo mu don ya ga ƙarshen abin. Kafin la'asar muna tafe da mutane kamar masu rakiyar amarya. Ba mu sami yaren ba, amma Dada ta sami addu'a da Larabci, da Barbarci, da sunan Yesu, da yarukan da ban san sunansu ba. Duk na ɗauka, zan sa mata ta ji.

A nan Kaele aka sami ɗan haske. Wata tsohuwa Batufura, 'yar ƙabilar yankin, ta sa na maimaita mata wuri ɗaya har ta gamsu. Ta ce ba yarensu ba ne, amma na maƙwabtansu ne na bakin kogin Logon, don ta ji kalmar da suke kiran kifi da ita. Ta ce mu je Yagwa, mu nemi mata masu kifi, kuma mu nemi tsofaffi, don irin maganar mutanen da ce.

Yagwa tana cikin garuruwan aikinmu, gobe za mu kama hanya. An ce ruwa ya ɓata ta a wurare, in kin ji shiru kada ki damu. Ki shafa mini kan Dada.

Asta


Yagwa

Goggo,

Gaisuwa a gurguje, a tsaye nake rubutu don mota na shirin tashi. Ya amince. Jonas ya ce zai zo Garwa da ƙafarsa da zarar ruwa ya janye daga hanya. Tun da na zauna da shi na daina jin ni baƙuwa ce a ƙasar nan. Na san addininmu ba ɗaya ba ne, amma in kin gan shi za ki so shi kamar yadda na so shi. A gyara masa ɗakin marigayi Baba. Idan ya iso, wurin Dada za a fara kai shi. Mu mun wuce Kusiri.

Asta


Pumpumre, Garwa

Asta,

Ina fata kina lafiya. Mu muna nan yadda kika bar mu.

Na daɗe ina zuba ido ban ga takardarki ba, sai ga wannan 'yar guntuwar. Na karanta ta da tabarau, na cire na goge na sake karantawa. Na aike ki neman yare, kin samo miji.

Ban haife ki ba, amma tun rasuwar babanki a bayana kika girma, don haka zan faɗa miki gaskiya. Wane ne Jonas? Ɗan wane ne, mece ce sana'arsa? Yaushe kika san shi har ya kai ga kwana a ɗakin ubanki? Kin ce ya amince. Ke kika tambaye shi ke nan? A gidanmu namiji ne yake tambaya.

Maganar addini kuwa ba ta takarda ba ce. Kin san Marthe ta fi mini wasu dangin, ita ce ta ɗauki Dada a bayanta zuwa bakin titi. Amma maƙwabtaka daban, aure daban, kuma kin san hukuncin abin. Na so in sa a kira ki a waya, sai na ga ba maganar da zan bi da ita ta bakin maƙwabciya ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai, ko kalma ɗaya ba ki ce ba game da abin da na aike ki. Dada ta rame. Kunun ma sai da lallashi take kurɓa, ta daina yawan magana, ta koma kallon taga. Gara mini lokacin da take faɗa ban gane ba da wannan shirun.

Baƙo dai ba a korarsa a gidan nan. Na share ɗakin, na shimfiɗa sabon zanen gado, ba don na yarda ba. Direba ya kawo saƙo cewa ranar Talata zai iso. Zan je tasha da kaina in ga fuskarsa kafin ya ga ta uwata.

Nafisatu


Kusiri

Goggona,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Dada. Takardarki ta same ni a bakin gadar Njamena ina ɗaukar muryar masu shayi. Na karanta na zauna a ƙasa ina dariya, Viviane ta ɗauka wani abu ya same ni. Daga baya kuma tausayinki ya kama ni. Ashe doguwar wasiƙar da na rubuto miki kafin guntuwar ba ta iso ba. Na bincika, an ce motar ta maƙale a laka, ban san inda takardar ta ƙare ba. Bari in sake daga farko.

Da muka isa Yagwa na tafi rumfar masu kifi na kunna musu muryar Dada. Ba ta yi nisa ba matan suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Raina ya ɓaci. Sai wata mai suna Agnès, wadda ke kai kifi Garwa tana jin Hausa sosai, ta ce, "Yi haƙuri, ƙanwata. Masanci take yi, yarenmu, irin na kakanninmu. Cewa take, wace ce wannan matar da ke ba ni kunu kullum kamar na haihu? A ba ni tuwon jar dawa da miyar kifi."

Goggo, wasiyyar ke nan. Kada "wannan matar" ta dame ki, ciwo ne.

Da aka zo inda Dada take kira wajen taga, dariyar ta tsaya. Agnès ta ce wani yaro take kira da sunansa, tana cewa ya fito daga ruwa kafin babansu ya dawo da shanu. Bayan haka sai 'yar waƙar reno, a ciki akwai sunan wani ƙauye. Agnès ta san ƙauyen. Ta rufe kifinta da buhu ta ce mu tafi.

Mun hau babur, muka shiga kwalekwale, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin shinkafa. A ƙauyen tsofaffi suka taru a gindin tsamiya, ina sa musu abin sauraro ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wani dogon tsoho, kansa fari fat, yana gyaran koma bai ma kula mu ba. Da aka sa masa, ya saurara, har Dada ta zo wurin kiran. Sai ya amsa. Da ƙarfi ya amsa, kamar tana bayan bishiyar. Ya miƙe yana waige-waige, komar ta faɗi.

Shi ne Jonas. Sunan da Dada take kira nasa ne na yarinta, ba wanda ya kira shi da shi tun da aka yi masa baftisma. Ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Ya ce yana yaro ta ga wani Bahaushe mai sayen kifi ta ce shi take so, babansu ya ƙi, ta bi shi. Bayan rasuwar babansu aka ce musu ta rasu a Najeriya. Ya riƙe hannuna yana duba yatsuna, ya ce irin na uwarsu ne.

Kin ga mijin da kika ce na samo. Kawunki ne, Goggo, ya kusa tamanin, haƙoransa na gaba ma babu. Da farko ya ji tsoron tafiyar, bai taɓa wuce Marwa ba, kuma yana gudun kada musulmin gidan su ƙi shi. Shi ya sa na ce miki ya amince. Agnès za ta rako shi ta yi muku tafinta.

Ina addu'a wannan ta riga shi isowa. In ba ta riga shi ba, don Allah ki sassauta masa tambayoyi.

'Yarki mai neman gafara,
Asta


Pumpumre, Garwa

Asta 'yata,

Lafiya lau muke, lafiyar da muka daɗe ba mu yi irinta ba. Bayaninki ya iso, amma baƙon ya riga shi.

Ranar Talata na sa leshina mai ruwan toka, na ɗaure fuska, na tafi tasha. Motar Yagwa ta tsaya, ina duban samarin da ke sauka ɗaya ɗaya, duk wanda na gani sai in ce a raina Allah ya sa ba wannan ba ne. Sai wata mata ta taɓa ni ta ce, "Ke ce Mama Nafisatu? Ni ce Agnès. Ga Jonas." Na ɗaga kai na ga tsoho dogo kamar giginya, da sanda, da buhun dawa a gefe, da agwagwa a hammata.

Na ce, "Wannan ne zai auri Asta?"

Kin san ba na jin ƙarfin muryata. Ashe duk tashar ta ji. Agnès ta dube ni, ta fassara masa, shi ma ya dube ni. Sai ta matso daidai kunnena ta ce, "Mama, kawunki ne. Ƙanen uwarki." Ban san lokacin da na durƙusa a cikin ƙasar tashar ba, da leshin da komai. Ya ɗago ni yana dariya, ya ce a gaya mini ya gode da tayin, amma mace ɗaya ta ishe shi.

Da muka shiga gida Dada tana zaune tana kallon taga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kira ta da wani suna da ban taɓa sanin tana da shi ba. Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallonsa, daga kai har ƙafa, sannan ta yi magana. Agnès tana share ido ta ce, "Cewa ta yi, ka tsufa. Wa ka bar wa shanun?" Ya zauna a ƙasa ya ɗora kansa a gwiwarta, ta sa hannun nan mai ciwo a kan furfurarsa. Ni da Marthe muka fita muka ba su wuri.

Agnès ta tuƙa tuwon jar dawa, ta yi miyar kifin da suka zo da shi. Dada ta cinye malmala guda ta miƙo kwano. Tun ranar bakinsu bai huta ba. Ba na jin abin da suke cewa, amma ina ganin haƙoranta, ya ishe ni.

Na sa an tambaye ta me ya sa ta ɓoye mana. Ta ce ranar da za ta tafi babansu ya ce kada ta ƙara buɗe baki da yarensa, ita kuma ta riƙe masa maganarsa. Kawu ya ce ai tsohon har ya mutu, duk fataken kifin da suka zo sai ya tambaye su labarinta. Dada ta ce to da ya faɗa da wuri.

Ranar Lahadi Marthe ta kai Kawu cocinsu, ya dawo yana cewa waƙarsu ba ta kai ta ƙauyensu ba. In na tashi salla yakan janye ƙafafunsa ya yi shiru har in sallame. Agwagwar kuwa ya hana a yanka, ta mallake tsakar gida.

Jiya ina ba Dada magani ta kama wuyan hannuna ta yi wa Kawu magana. Agnès ta ce, "Ta ce wannan 'yata ce. Ba ta iya tuwo ba, amma ba ta taɓa barina ba." Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ta faɗi.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Shinkafar Kawu ta nuna, dole ya koma girbi. Da Dada ta ji, ta sa aka sauko mata da akwatinta, ta zauna a kai, wai da ita za a tafi. Na yi lallashi, Kawu ya yi, ta ce ba ta jin Hausa, ba ta kuma jin Masanci in dai maganar zama ce. Na je wurin likita ina fata ya hana, sai ya ce in za a bi a hankali, a kwana a Marwa, a riƙe magani, tafiyar za ta fi mata zaman.

Saboda haka kada ki aiko amsa Pumpumre, ba za ta sami kowa ba sai Marthe da agwagwa. Jibi za mu tashi. In kun gama da Kusiri ki sauko Yagwa, Agnès za ta kawo ki. An ce ina da 'yan'uwa cike da ƙauye, kuma duk sun ji labarin abin da na faɗa a tasha. Ki zo da wuri ki tsaya kusa da ni, tunda ke kika jawo mini.

Goggonki,
Nafisatu